Fuskar Kawu ko Aikin Rigarsa

Fim guda ne mai hoto 36, ya zauna a cikin kyamara tun tsakiyar hunturu har ƙaramar Sallah. Kyamarar tsohuwa ce, Pentax K1000, irin wadda ba ta da allo a bayanta balle mutum ya leƙa abin da ya ɗauka. Fim ɗin kuma Ilford HP5 ne, na baƙi da fari. Hotuna ashirin da 'yan kai na farko mun ɗauke su da safiyar hazo a bakin kasuwa: masu turin kura, 'yan adaidaita, da hasumiyar masallaci da ƙura ta kusa haɗiyewa. Sauran na ranar Idi ne, bayan an sauko, rana ta take, Kawu yana zaune a ƙofar gida cikin farar babbar rigarsa.

Rigar nan shi ya yi mata aiki da hannunsa. Aska takwas ce, farin zare a kan farar shadda, irin aikin da sai ka matso kusa ko haske ya bugo shi ta gefe kake ganin tudu da kwarinsa. Ita ce ta ƙarshe da ya ɗinka kafin yana ta fara rufe masa ido. Saboda ita muka ce ya zauna mu ɗauke shi.

Da muka zo wanke fim ɗin, hazo kawai muke tunawa. Mun san hoton hazo yakan fito a dishe, komai toka-toka, babu baƙi na sosai babu fari na sosai. Sai muka ce bari mu nemi ruwan wanki mai kaifi, wanda ke faɗaɗa tazarar da ke tsakanin haske da duhu. Muka haɗa wanda kamfanin Kodak ya sa wa suna D-19, tun da ma'aunin haɗinsa ba ɓoyayye ba ne.

Ga wanda bai taɓa ganin ana wankin fim ba, abin a taƙaice haka yake. A jikin ledar fim akwai shafe na jelatin, cikinsa an watsa miliyoyin ƙwayoyin gishirin azurfa waɗanda ido ba ya gani. Idan aka danna kyamara haske ya faɗa a kansu, yana barin wata 'yar alama a jikin waɗanda ya taɓa, alamar da ko ka fito da fim ɗin ba za ka ga komai ba. Aikin ruwan wanki shi ne ya bi waɗannan ƙwayoyin masu alama ya mayar da su azurfa baƙa. Daga nan a zuba ruwan tsami dangin khal ya tsayar da aikin, sannan a zuba wani ruwan da ke narkar da duk gishirin da bai koma azurfa ba, ya tafi da shi. Abin da ya rage shi ne nagetif, inda fari yake baƙi, baƙi yake fari. Duk wannan a cikin wani ɗan tanki mai murfi ake yi, ba ka ganin komai, sai agogo da ma'aunin zafi. Digiri 20 ake so, ruwan famfonmu kuwa a bazara ya haura 30, don haka da ƙanƙara muka yi ta lallashinsa.

Ruwan da yawancin masu hoto suka saba da shi D-76 ne, wanda ya fito a 1927. Idan ka jera haɗinsa da na D-19 za ka yi mamakin kusancinsu. Kowanne yana da giram 2 na sinadarin metol a lita guda. Na farko yana da giram 5 na haidirokwinon, na biyu giram 8. Babban bambancin yana wajen abin da ke zuga su. D-76 ɗan boraks ne kawai a cikinsa, giram 2, shi ya sa yake aiki a natse. Shi kuwa D-19 an ɗura masa sodiyam kabonet sama da giram 40, wanda ɗan'uwan kanwa ne na jini. Duk wanda ya taɓa ganin abin da kanwa ke yi wa wake a tukunya ya fahimci zancen. An kuma ƙara masa giram 5 na fotasiyam buromaid, mai danne ƙwayoyin da haske ya ɗan shafa sama-sama don kada su yi baƙi. Wato wanda ya samu haske da yawa a ƙara masa, wanda ya samu kaɗan a hana shi magana.

Minti shida muka ba shi. Da muka warware fim ɗin muka ɗaga shi a taga, hotunan hazo sun fito kamar a sa musu hannu a taɓa. Hasumiyar ta rabu da sama, kowane mai kura ya tsaya da ƙafarsa. Muka yi ta yaba wa kanmu har idonmu ya kai kan na Kawu. Rigarsa a nagetif ta zama baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, fuskarsa kuma kusan leda ce zalla, haske na wucewa ta cikinta.

Akwai wani dattijo mai shagon hoto da har yanzu bai jefar da tsohuwar na'urarsa ta buga hoto a takarda ba. Muka kai masa. Ya ɗaga nagetif ɗin ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi wanda ya wanke. Muka ce mu ne. Ya ce, "Samari, kun yi laifi biyu. Na farko tun a ƙofar gida kuka yi shi." Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka duk abin da ke gabansa toka-toka ne, don haka da ya ga farar riga ta cika wuri sai ya rage hasken da zai shiga, fuskar mai duhun fata ta tashi da ɗan kaɗan. Na biyu shi ne ruwan. Su a zamaninsu, in ji shi, idan baƙin mutum ya zo da fararen kaya, haske suke ƙara wa fuska a wajen ɗauka, sannan su rage lokacin wanki don kada rigar ta ƙone. Haka nan duk wanda ya kalli hotunan da Seydou Keïta ya riƙa ɗauka a tsakar gidansa a Bamako daga 1948 zai ga an riƙe abu biyun tare: ƙyallin goshi yana nan, zanen atamfa yana nan.

Dattijon ya gwada iya gwadawarsa. Takardar hoto tana da iyakar tazarar da za ta iya ɗauka, namu nagetif ɗin kuma ya wuce ta nesa. In ya ba takardar haske kaɗan, fuskar Kawu takan fito, a dishe, amma rigar ta zama farin fili babu ko zare ɗaya. In ya daɗe yana ba ta haske har aska takwas ta bayyana, kan Kawu ya zama dunƙulen gawayi da hula a sama. Mun ma gwada dabararmu ta 'yan kwamfuta, muka kwafi nagetif ɗin sau biyu muka haɗe. Abin da ya fito kamar an yanko kan wani an manna a wuyan rigar, domin abin da ke wajen fuskar bai kai a gina komai a kansa ba.

Tun ranar muke juya tambaya guda: shin hoton nan ya yi ƙarya?

Da farko mun ce a'a. Ruwan bai ƙara ko ɗigo ɗaya da babu shi a ƙofar gidan ba. Rigar fara ce, ya ce fara ce. Fuskar ta fi rigar duhu, ya ce ta fi ta duhu. Duk inda ka ɗauki wuri biyu a hoton ka tambaya wanne ya fi haske, amsarsa daidai take. In da shaida ne a gaban alƙali, ba za a kama shi da kalma ɗaya ta ƙage ba. Amma kuma wanda bai san Kawu ba, in ya ga bugun farko zai rantse rigar ba ta da aiki, in ya ga na biyu ba zai gane mutumin a hanya ba. Akwai irin shaidar da kowace jimlarta gaskiya ce, amma wanda ya saurare ta ya tashi da abin da ba haka yake ba. Mun san masu irin wannan bakin a kowace unguwa. Ba sa ƙirƙira, zuzutawa kawai suke yi: ɗan kuskure ya zama ta'asa, ɗan alheri ya zama waliyyantaka, abin da ke tsakani kuma, wanda shi ne mafi yawan rayuwar mutum, a share shi.

Sai dai zancen bai tsaya nan ba, don ruwan nan ba don ɓarna aka yi shi ba. Masana taurari sun yi shekaru suna wanke faifan gilashinsu da D-19, haka masu ɗaukar hoton ƙwayoyin halitta da madubin lantarki. Tauraron da ke can nesa bai fi duhun da ke kewaye da shi haske ba sai da ɗan ƙanƙanin abu. In ka wanke shi da ruwa mai sauƙin kai, zai narke cikin toka, ka ce babu komai a wurin, alhali akwai. A nan sassauci shi ne ƙarya. Kuma ai mun gani da idonmu a rabin fim ɗinmu na farko: hazo ya lulluɓe kasuwa, kaifin ruwan ne ya dawo mana da ita. Akwai al'amuran da ake tayar wa hazo da gangan. Kuɗin jama'a ya ɓace, sai a kafa kwamiti, a ce lamarin yana da sarƙaƙiya, kowa yana da ɗan laifi, har a wayi gari babu mai laifi. Mai cewa "ai komai yana da fuska biyu" a irin wannan wuri, ƙura yake ƙarawa. Ana bukatar wanda zai ce wannan ya ɗauka, wannan bai ɗauka ba.

To ashe ruwa ɗaya, a tanki ɗaya, cikin minti shida ɗin nan, ya faɗi gaskiya a kan hoto ashirin ya kuma zalunci goma sha. Bai san bambancinsu ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Mu ne muka zuba wa safiyar hazo da tsakar ranar Idi hukunci iri ɗaya saboda sun zo a naɗe a leda guda. Mun lura mutane ma haka suke da nasu ruwan. Wani duk abin da aka kawo masa da kaifi yake wanke shi, yana kiran hakan tsage gaskiya. Wani kuma komai sai ya tsarma, yana kiran hakan hikima. Kowannensu yana da ranar da yake yin daidai, kuma ranar ce yake kafa hujja da ita har ya mutu.

Wani abu da ya daɗe yana ba mu mamaki shi ne cewa a jikin fim babu toka-toka ko kaɗan. Kowace ƙwayar gishirin azurfa kusan zaɓi biyu gare ta: ko ta koma baƙa, ko a wanke ta ta tafi. Ƙwayoyin zarra na azurfa kamar huɗu kacal suka isa su zama alamar da za ta sa ruwan ya juye ƙwayar gaba ɗayanta. Abin da idonmu ke kira toka-toka tarin ƙananan hukunce-hukunce ne, nan baƙi, nan fari, dubbai a wurin da bai kai kan allura ba, kowanne an yanke shi a kan hasken da ya faɗa masa shi kaɗai. Saboda haka kuskure ne a ɗauka mai ganin toka-toka ya ƙi yanke hukunci. In da gaske yake, ya fi kowa yanke hukunci: ya ce mutumin nan a kan amanar kuɗi ba shi da kyau, a kan riƙon marayun ɗan'uwansa ba a kai shi ba, a kan magana yana da kaushi, a kan alkawari kaifi ɗaya ne. Kowanne a tsaye, babu kwana-kwana. Jimlarsu ce ba ta shiga kalma ɗaya.

Akwai ruwan da ya fi D-19 tsanani, wanda maɗaba'u suka riƙa amfani da shi kafin zuwan kwamfuta don fitar da rubutu baƙi ƙirin a kan fari tas. Yadda yake aiki ya sha bamban. Idan ƙwaya ɗaya ta fara komawa baƙa, abin da ke fita daga wannan aikin yana hanzarta na maƙwabtanta, su ma su harbi na kusa da su, har wurin ya rufe baki ɗaya. Masu sana'ar da kansu da sunan yaɗuwar cuta suke kiran abin. A nan ƙwaya ba ta amsa tambayar hasken da ya same ta kaɗai, tana duba abin da na gefenta suka yi. Duk mai riƙe da waya ya ga irin wannan wankin a Facebook: a saka hoton mutum da layi biyu da safe, kafin azahar dubu sun yi baƙi, kuma da wuya a samu goma a cikinsu da hasken lamarin ya taɓa kai tsaye. Ga harafi a takarda wannan dabara ce mai kyau, don harafi ba shi da kumatu.

Mu masu rubuta manhaja ba mu da bakin zagin kowa a nan, don sana'armu ce. A kwamfuta hoton baƙi da fari yakan zo da matakai 256, daga 0 zuwa 255. Layi ɗaya ya isa ka ce duk abin da ya kai 128 fari ne, abin da bai kai ba baƙi ne. Daga nan 127 da 3 sun zama abu ɗaya, 127 da 128 kuma sun zama gabas da yamma. Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa wani Bagirke mai suna Yubulidis ya tambaya ƙwayar hatsi ta nawa ce ke mayar da 'yan ƙwayoyi su zama tsibi, kuma har yau babu amsar da ta gamsar da kowa. Mu a ofis ba ma jiran amsa. Lamba muke zaɓa kafin a tashi taro.

Mun taɓa yi wa wani kamfanin ba da ƙananan rance aiki. Manhajar tana auna mai nema ta ba shi maki daga 0 zuwa 100, wanda ya kai 60 a ba shi. Wannan ba laifi ba ne. Kuɗin ba zai ishi kowa ba, dole a ja layi a wani wuri. Laifin shi ne a rumbun bayanai ba mu ajiye makin ba. Gurbi ɗaya muka buɗe mai ɗaukar "e" ko "a'a", don ya fi sauƙi, kuma babu wanda ya ce mu yi fiye da haka. Bayan wata takwas kamfanin ya samu ƙarin jari, aka ce a sauko da layin zuwa 50, a nemo waɗanda suka faɗi da kaɗan a kira su. Muka buɗe rumbun, sai "a'a" dubu bisa dubu, duk fuska ɗaya. Mai sayar da ƙosai da ta samu 59 da wanda ya cika fom da sunan bogi ya samu 4, babu mai iya raba su. Mun riga mun zuba ruwan da ke narkar da abin da ya rage.

A nan ne muke ganin amsar take, in akwai ta. Tambayar a yi kaifi ko kada a yi ba ta da amsa guda. Wadda ke da amsa ita ce: a wane mataki? Wankin nagetif sau ɗaya ake yin sa, a cikin duhu, ba a komawa. Bugawa a takarda kuwa ana iya yi sau ɗari, kuma takardun da kansu suna da matakan kaifi daga 0 zuwa 5. Shi ya sa ƙwararru ke wanke nagetif da sauƙi ya riƙe komai, in suna son tsanani su nemo shi a takarda. Ansel Adams, Ba'amurken da shi da Fred Archer suka tsara hanyar raba haske zuwa matakai goma sha ɗaya, ya ɗauki sanannen hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez da ke jihar New Mexico a 1941. A bugun farko-farko samaniya tana da sauran haske, ana ganin gizagizai a sama. Da shekaru suka tura sai ya riƙa duhunta ta har ta koma kusan baƙa, kuma wannan ne bugun da duniya ta fi sani. Ya sauya ra'ayi a kan samaniyar nan tsawon shekara talatin da wani abu, kuma ya iya yin haka ne don gizagizan suna nan a nagetif, ko ya nuna su ko ya ɓoye.

Alƙali dole ya yanke, likita dole ya ce a yi aiki ko kada a yi, uba dole ya ce ya ba da 'yarsa ko bai bayar ba. Wannan bugu ne a takarda, kuma wani lokaci mataki na 5 ake bukata. Abin da muke tsoro shi ne a kai kaifin can ciki, wurin da ake ajiye abin da ya faru, ta yadda ko an so a sake dubawa gobe babu abin dubawa. Mutum ya yi maka laifi, ka yanke hulɗa da shi, wataƙila ka yi daidai. Amma in ka koma cikin tunaninka ka goge ranar da ya kwana da kai a asibiti don labarin ya tafi sumul, to ka taɓa nagetif.

Za a iya ce mana ai akwai waɗanda suka zaɓi kaifi tun daga tushe kuma aikinsu ya yi kyau. Gaskiya ne. Mario Giacomelli, mutumin garin Senigallia a Italiya, wanda asalin sana'arsa aikin maɗaba'a ce, ya ɗauki ɗaliban limancin coci a farkon shekarun 1960 suna wasa cikin baƙaƙen riguna, ƙasa da sama duk sun zama fari fat, kamar an zana su da tawada a kan allo. A Japan ma Daido Moriyama da abokansa na mujallar Provoke, wadda ta fito sau uku kacal tsakanin 1968 da 1969, da gangan suka riƙa ƙona fari suna toshe baƙi. Sai dai babu mai kallon waɗannan hotuna ya ɗauka haka duniya take. Kaifin yana shelar kansa, mai kallo ya san hannu ya shiga. Namu na Kawu kuwa da sunan ajiye tarihi muka ɗauke shi, don jikoki su ga mutumin da aikinsa, kuma da wannan sunan za a kalle shi.

Mun so mu sake ɗauka a Babbar Sallah, a inuwar zaure, da ruwa mai sauƙi. Kafin lokacin ya riga ya ba babban ɗansa rigar, an tafi da ita Kwatano. Don haka bugu biyun nan na dattijo mai shago muka kai gida a ambulan guda. Kawu ya karɓi na farko ya kai shi dab da idonsa na dama, wanda ya fi gani, ya juya shi ta wajen haske. Ya ce, "Wannan ai likkafani kuka sa mini. Ina aikin?" Muka miƙa masa na biyu. Ya daɗe yana bin aska takwas ɗin da ɗan yatsa, yana ƙirga su a hankali, bai ce komai a kan kan gawayin da ke sama ba. Ya sa shi a aljihu. Inna ta miƙo hannu ta bayan labule ta karɓi ɗayan.